Babi na Biyar: Ghana, daga Gwanja zuwa Bakin Teku

Tun kafin a raɗa wa ƙasar suna Ghana a 1957, tun ma kafin Turawan Ingila su shata mata iyaka, Bahaushe ya san hanyarta. Gwanja yake ce mata, goro kuma shi ya kai shi. Ayari kan tashi daga Kano bayan ɗaukewar damina, madugu na jan ragama, jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jemammiyar fata da gabu. A ƙetare Kwara ta wajen Yawuri, a ratsa Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yendi, sannan a sauka Salaga. Zuwa da komowa kan ci wa mutum kusan shekara, wani lokaci ta haura. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk da wannan fatauci suka yi suna. Alhasan Ɗantata ma a can ya ƙware a harkar goro, ya riƙa loda shi a jirgin ruwa zuwa Ikko, kafin ya dawo gida ya kama gyaɗa.

To me ya sa sai an sha wannan wahala? Me ya hana a ɗauko iri a shuka a bayan ganuwar Kano, a huta da fito da 'yan fashi da ƙaiƙayin ƙafa? Ruwa ne ya hana. Itacen goro ba ya yi sai a kurmi, inda ƙasa ba ta bushewa ƙayau, inuwa kuma ba ta yankewa. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe bakin zaren ƙasar Ghana gaba ɗaya, domin har gobe ruwan sama ke raba mata arziki: shi ke cewa ga inda koko zai yi, ga inda gero kaɗai zai yi, shi ke cewa ga mai gona, ga mai zuwa ƙodago.

Ƙasar ba ta da girma can. Faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 238,500 ba, wato Najeriya ta kusa ninka ta huɗu, kuma ƙidayar 2021 ta samu mutum miliyan 30.8. Kodebuwa na yamma da ita, Togo na gabas, Burkina Faso na arewa, teku na kudu. Ba ta da wasu manyan duwatsu. Afaja, wanda ya fi shahara a cikinsu, can kan iyakar Togo, bai kai mita 900 ba. Don haka a taswira sai ka ga kamar shimfiɗa ɗaya ce. Sai ka shiga mota a Paga, kan iyakar arewa, ka nufi Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, sannan za ka ga ƙasar na sauya riga a gaban idonka.

A Paga da Bolgatanga da Bawku, Bahaushe ba zai ji baƙunta ba. Ga kuka, ga ɗorawa, ga kaɗanya tsaitsaye a gonaki. Ga gero da dawa da gyaɗa, ga zabi na kai-komo a bakin titi, ga gidajen laka. Damina ɗaya ce, daga wajejen Mayu zuwa Oktoba, sai hunturu ya shigo da hazonsa, sai bazara ta zo a Maris da Afrilu zafi ya haura ma'auni 40, sanƙarau ya biyo baya. Ruwan da suke samu, kimanin milimita 1,000 a shekara, ya ma ɗara na Kano. Matsalar ita ce duk a 'yan watanni yake juyewa, ƙasar kuma ta gaji, rumbu kan yi ƙasa tun sabon hatsi bai nuna ba. Inda ƙasar ke da daɗi kuwa, wato kwarin Farar Bolta da rassanta, shekaru aru-aru wani ɗan ƙuda mai sa makanta ya kori mutane daga nan, sai da aka fara feshi ta sama a 1975 sannan aka soma komawa. Yanzu kuma in damina ta yi nisa aka buɗe madatsar Bagre a Burkina, ruwan kan gangaro ya shafe gonakin da ke bakin kogin.

Ana wuce Tamale, garin Dagwamba da babura, sai a ƙetare Farar Bolta a Yapei, a ƙetare Baƙar Bolta a Buipe. Nan doya ke sarauta. Kudu maso gabas da Tamale Salaga take, kuma wanda ya je yau zai sha mamakin ƙanƙantarta. A ƙarni na 19 ita ce babbar mahaɗar kurmi da daji. Sarakunan Ashanti ba su yarda fatake su kutsa kurmi su sayi goro a gindinsa ba. Sai dai a kawo musu shi Salaga, su auna, su ɗaure a ganye, su cusa a waga, su yi ta yayyafa masa ruwa da tsince ruɓaɓɓe har gida. Ba goro kaɗai ake ciniki a kasuwar ba, kuma bai kamata mu rufe wannan ba: har da bayi, da yawansu mutanen wannan arewacin ne da aka kamo, fatakenmu kuma suna cikin masu saye da sayarwa. Rijiyoyin da aka yi wa bayi wanka suna nan ana nuna wa baƙi. Da Ingila ta ƙone Kumasi a 1874 sai ƙarfin Ashanti a kan Salaga ya karye, hanyar goro ta karkata zuwa Kintampo da Atebubu, yaƙin basasar 1892 kuma ya ƙarasa garin. Mazauna suka watse. Cikin waɗanda suka tashi har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, wanda ya koma Kete Karaci ya yi limanci da karantarwa har ya rasu a 1934. Watsewar Salaga na cikin abin da ya cika zangunan kudu da Hausawa.

Daga Kintampo zuwa Techiman sai itatuwa su fara haɗa kai. Kafin ka isa Kumasi ka shiga wata duniya: iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa, jar ƙasa ta lulluɓe da agade da rogo da gwaza da kwakwar manja. A nan damina biyu ake yi, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba, saboda haka manomin masara na iya girbi sau biyu. Can kusurwar kudu maso yamma, wajen Axim, ruwan kan wuce milimita 2,000. Nan ne ƙasar Akan, waɗanda suka kusa kai rabin al'ummar Ghana, wato Ashanti da Fanti da Akyem da Bono da danginsu. Gadonsu ta wajen uwa yake bi, abin da kan ɗaure wa Bahaushe kai: a al'adance ɗan 'yar'uwar mutum ya fi ɗan cikinsa kusa da kujerarsa. Amma a wajen suna mun yi tarayya. Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwame Ɗan'asabe, Kwasi Ɗanladi. Ashe Kofi Annan da Kwame Nkrumah, a bakinmu, Ɗanjuma ne da Ɗan'asabe.

Abin da ya mai da kurmin nan taska a ƙarni na 20 shi ne koko. Ba kokon sha da ƙosai ba, ko da yake shi ma yana nan kowace safiya a kowace kwana, kuma da sunan Hausa suke tallarsa. Kokon cakulan nake nufi. Ba ɗan ƙasa ba ne. Asalinsa Kudancin Amurka. Wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya dawo da 'ya'yansa daga tsibirin Fanando Po a 1879 ya shuka a Mampong ta Akuapem, kuma zuwa 1911 babu ƙasar da ta kai wannan fitar da koko a duniya. Ba kamfanonin Turawa suka yi wannan aiki ba. Ƙananan manoma ne, masu eka uku, eka biyar, suka riƙa sayen daji suna sara suna dasawa suna ƙara gaba yamma. Sun riƙe kambun har cikin shekarun 1970, lokacin da Kodebuwa ta sha gabansu.

Gonar koko ba ta kama da gona a idon ɗan arewa. Duhu ne, busasshen ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafa, 'ya'yan kuma ba a reshe kawai suke fitowa ba, har a jikin kututturen, rataye kamar ƙananan gwanda, kore ya koma ruwan ɗorawa in ya nuna. Ana tsinko su da wuƙa mai lanƙwasa a kan doguwar sanda, a tara, a zauna a kewaye tulin da adduna ana fasawa. Ciki ƙwayoyi ne lulluɓe da farin abu mai yauƙi da zaƙi-zaƙi, yara na tsotsa. Sai a shimfiɗa ganyen agade a zuba, a rufe da wani ganyen, a danne. Kwana shida ke nan yana dahuwa da zafin kansa, ana buɗewa ana juyawa, tsaminsa na dukan hanci tun daga nesa. Daga nan a baza a kan tabarmar gora da aka ɗaga bisa sanduna, mata da yara na motsawa da hannu suna tsince datti, hadari na tasowa a nannaɗe da gudu. In ya bushe har yana ƙaras-ƙaras a tafin hannu, a zuba a buhu mai kilo 64 a kai wa akawun saye. Wannan haƙuri na ruɓarwa da shanya a rana shi ya sa kokon Ghana ya fi na maƙwabta daraja a kasuwar duniya.

Sau da yawa mai wannan aikin ba shi ne mai gonar ba. Akwai tsarin da suke kira abusa: mai gona ya damƙa wa wani kula da ita, in an sayar a kasa uku, ɗaya na mai aiki. Mai aikin nan kuwa galibi daga arewa ya gangaro, ko daga Burkina. Ba haɗari ba ne. Turawan mulki sun ɗauki arewacin ƙasar tamkar rumbun lebura: daga nan ake ɗibar masu haƙar ma'adinai da masu aikin hanya da sojoji da 'yan sanda, makarantu kuma aka yi musu ƙwauro. Layin dogon da ya taso daga Sekondi ya iso Kumasi a 1903, nan ya tsaya, bai taɓa leƙa arewa ba har yau.

Shi ma mai gonar ba shi ke yanka wa kayansa kuɗi ba. Tun 1947 hukumar koko ta gwamnati, wadda yanzu ake kira COCOBOD, ke sanar da farashi kowace kaka, ita kuma ta sayar a waje. An ce don a kare manomi daga hawa da saukar kasuwa ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai rarar da ke tsakani ita gwamnatoci suka yi ta ɗiba, tun daga Nkrumah, kuma fushin haka na cikin abin da ya tayar da adawar Ashanti a 1954. A 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, amma manomin Ghana bai ga ko rabin wannan ba a lokacin, don an riga an sayar da amfanin tun yana kan itace. Me zai hana buhuna su bi dare su tsallaka Togo da Kodebuwa? Ga cutar kumburin reshe da ba ta da magani sai sarewa, ga itatuwa sun tsufa, ga masu su ma sun tsufa. Ƙasar da ta haura tan miliyan ɗaya a kakar 2020/21, bayan shekara uku da kyar ta haɗa rabinsa.

Babban kishiyar koko kuwa a ƙarƙashinsa yake kwance. Zinariya ta riga kowa zuwa. Ita ta sa Turawan Fotugal suka gina ganuwar Elmina a 1482, ita ce ƙarfin daular Ashanti, har kujerar da suka ɗauka ran al'ummarsu na cikinta ta zinariya ce. Ramin Obuasi tun 1897 ake haƙarsa. A 'yan shekarun nan Ghana ta sha gaban Afirka ta Kudu a yawan zinariyar da ake fitarwa, kuma ita ce kan gaba wajen kawo wa ƙasar kuɗin waje, ta bar koko da man fetur ɗin da aka fara haƙowa a teku a ƙarshen 2010. Amma kaso mai tsoka ba daga manyan kamfanoni yake fitowa ba, daga ƙananan mahaƙa ne, masu lasisi da marasa shi. Su marasa lasisin ake kira galamse.

Da can galamse shebur ne da kwano. Yanzu motar haƙa ce da injin niƙa dutse ɗan Sin da ake girkawa a kan ruwa, shi ya sa ko da gwamnati ta kori dubban 'yan Sin masu haƙa a 2013, sana'ar ta riga ta zauna. Ana zuwa wa manomi da kuɗin da ba zai samu a koko cikin shekara goma ba, a ce ya ba da gonar. Wani ya ƙi, sai ya wayi gari an haƙe ta maƙwabcinsa, ruwan rami ya malalo tasa. Cikin 'yan makonni itatuwan da kakansa ya dasa sun zama ramuka cike da ruwa mai launin kunun kanwa. Ana kama ƙurar zinariyar da zaiba, a ƙona, hayaƙin ya shiga ƙirjin yaran da ke aikin, saura ya bi ruwa. Kogunan Pra da Ankobra da Offin da Birim duk sun koma launin laka, har hukumar ruwan famfo kan rufe wasu matatunta don injinan ba sa iya tace abin da ke shigowa. Kowace gwamnati ta yi rantsuwar kawo ƙarshensa, a tura soja, a ƙona motoci, a ɗauki hoto. Ni dai ban ga yadda za a yi yaƙi da sana'ar da ke ciyar da dubun dubatar matasa marasa aiki, kuma ake zargin manya na kowane ɓangare da hannu a ciki, ta hanyar ƙona mota ba.

Gabas da duk wannan akwai ruwan da ɗan Adam ya tara da hannunsa. Nkrumah ya ƙudura cewa ƙasa ba ta tashi da sayar da ɗanyen koko, sai da masana'antu, su kuma sai da lantarki. Aka datse Bolta a matsatsin Akosombo, aka gama a 1965, tafkin da ya taru ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi faɗi da aka taɓa tarawa a duniya. Mutum wajen 80,000 aka tasa daga garuruwansu. Tsohon garin Kete Karaci, inda Alhaji Umaru ya zauna, yana cikin wuraren da ruwan ya ci. An buɗe madatsar a Janairun 1966. A watan da ya biyo baya soja suka kifar da Nkrumah yana hanyar zuwa Hanoi. Kaso mafi girma na wutar kuma shekara da shekaru kamfanin Amurkawa mai narka alminiyam a Tema ya yi ta sha da araha, kuma ba da ma'adinin Ghana ya yi aiki ba, daga waje ya riƙa shigo da shi. Duk da haka wutar Akosombo ce ta haska ƙasar har ta sayar wa Togo da Benin. Illarta ɗaya: ita ma 'yar ruwan sama ce. In damina ta gaza a Burkina da arewacin Ghana, fitila kan mutu a Akra. Haka aka yi a 1983, shekarar da fari da gobarar daji suka cinye gonaki, ita ce kuma shekarar da gwamnatin Shagari ta koro 'yan Ghana kimanin miliyan ɗaya daga Najeriya da kayansu a jakar nan mai gida-gida da har yau muke kira da sunansu. Ramuwa ce, in ji wasu, don a 1969 gwamnatin Busia ta yi wa baƙi irin wannan kora, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa suka bar gidaje da rumfuna.

Abin mamaki na jiran matafiyi a ƙarshen hanya. Kana gangarowa daga tudun Akuapem sai kurmi ya yanke, ka faɗo fili mai ciyawa da sheƙar gara, kamar ka koma arewa, alhali ga teku a gabanka. Ruwan da Akra ke samu a shekara bai wuce milimita 800 ba, kusan ɗaya da Kano. Dalili shi ne a nan gaɓar ta miƙe ne daidai da inda iskar damina ke kaɗawa, sai iskar ta shafa gefenta ta wuce maimakon ta hau tudu ta zubar. Sannan daga Yuli zuwa Satumba ruwa mai sanyi kan taso daga ƙasan teku ya hana hadari haɗuwa. Shi wannan ruwan sanyi ke kawo kifi, sai masuntan Ga da Fanti su cika kwalekwalensu masu zane-zane. Ƙarancin ruwan bai hana birnin ambaliya duk Yuni ba, amma wannan laifin magudanai ne da gini a kan hanyar ruwa.

A Akra, wanda ya ji kewar gida sai ya ce a kai shi Nima ko Mamobi ko Sabon Zango, kamar yadda a Kumasi zai nemi Aboabo. Musulmi kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na mutanen ƙasar, kuma a zango Hausa ce harshen kasuwa da wa'azi, ko da mai maganar Dagwamba ne ko Mosi ko Kotokoli ko Wangara. Hausar tasu ta saje da wurin, ba ta cika damuwa da bambanta mace da namiji ba, sai ka ji an ce "mata na ya zo" ba wanda ya ɗaga kai. Abincinmu ma ya fita zango ya zama na ƙasa: wake da shinkafa da ake dafawa da karan dafi ya koma waakye, tuwon zafi ya zama TZ a allon gidajen abinci. Albasar da ake yankawa a kai kuwa, akasarinta daga Galmi ta Nijar manyan motoci ke kawo ta. Babban limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, ya je cocin Katolika ranar Ista ya zauna aka yi addu'a da shi, mutanen ƙasar kuma suka yaba.

Akwai wata kalmar tamu da ta shiga bakin kowa a can, ita ce kaya. An haɗa ta da kalmar Ga mai nufin mata, aka samu kayayei, wato 'yan matan dako. A kasuwar Makola ta Akra ko Kejetia ta Kumasi ba ka tafiya taku goma ba ka ji ƙarar baho ya gogi kafaɗarka ba. Yarinya ce 'yar sha biyar, sha shida, daga ƙauyukan Mamprusi ko Dagwamba, gammo a ka, babban bahon silba a kai, wata har da goyo. Matar da ta yi cefane za ta yafito ta, a loda mata doya da galan ɗin manja da buhun shinkafa, sai mutum biyu sun kama sun ɗora mata. Ta bi uwar kayan cikin cunkoso har tasha, wuyanta na rawa, a miƙa mata 'yan sidi. Sunan kuɗin nasu ma, sidi, daga kalmar Akan ta wuri aka samo shi. Da dare su kwana su goma sha a ɗaki ɗaya na katako, wasu a barandar shago, kuɗin ranar na hannun mai adashi.

Tambaye ta abin da take tarawa, sai ta lissafa maka: tukwane, atamfa, keken ɗinki, ko kuɗin komawa makaranta. Da yawansu da rani suke zuwa, bayan an gama girbi ba abin yi a gida. In Mayu ya kama, labari ya zo ta waya cewa an yi ruwan shuka, 'ya'yan kaɗanya sun fara zuba, sai ka ga tashar motar Tamale da Walewale ta cika da bahuna an kifa su a kan juna, an ɗaure da igiya a saman bas.